Da Rami Ɗaya Ɗaya Ake Raya Faƙo

Matafiyin da ya taso daga Doso bisa babbar hanya, tun da sauran tafiya yake hango dutsin da garin Dogon Dutsi ya samo sunansa. In baƙo ne, sai ya fara tattara kayansa, ya ce an iso. Ɗan gari kuwa ya san da saura. Haka Kanawa suke faɗi game da nasu dutsin: hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Buri ma haka yake. In malam ya tambayi ƴan aji abin da suke so su zama, hannuwa duka sai su tashi. Wannan likita, wannan malamar makaranta, wancan injiniya, wancan kuma yana so ya haddace Alƙur'ani. Babu mummuna a ciki. Amma in aka dawo bayan shekara biyar ko shida, sai a tarar da yawa daga cikinsu sun tsaya a hanya. Wasu talauci ya tsai da su, wasu ciwo, wasu an yi musu aure da wuri. Waɗannan dalilai sun fi ƙarfin yaro. Akwai kuma wani dalili guda wanda maganinsa ke hannun yaron da kansa. Ya dubi tsawon hanyar gaba ɗaya, zuciyarsa ta karye, ya ce wannan ba aikin irinsa ba ne.

Babban buri ba a ɗaukarsa cak kamar tulu. Rarraba shi ake yi, a ƙara rarrabawa, har a sami yankin da mutum zai iya gamawa yau kafin rana ta faɗi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Manoma sun san ta, malaman allo ma sun san ta.

Darasin faƙo

Kowane yaron ƙasar Arewa ya san faƙo. Wuri ne da iska da ruwa suka kwashe ƙasar bisa, suka bar mai tauri kamar daɓe. In ruwan sama ya faɗi bisa faƙo ba ya shiga. Gudu yake yi, ya tara ƙarfi, ya zama ƙorama, ya je ya yaga gonakin da ke gangare. Ko ciyawa da ƙyar take tsirowa. Bayan babban fari na 1973 da na 1984, irin wannan wuri ya ƙaru ƙwarai a Nijar.

To, a ce manomi ya tsaya gaban faƙo mai hekta guda, watau fili mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100, ya ce zai mai da shi gona. Ba shi da tarakta. Abin da ya mallaka diga ne da hauya da hannuwansa biyu. In ya tsaya yana duban filin daga wannan gefe zuwa wancan, gida zai koma.

Amma akwai tassa. Tassa ɗan rami ne, faɗinsa kamar santimetir 20 zuwa 30, zurfinsa kamar tsawon tafin hannu. Da rani ake gina shi. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin wajen gangare, don ta tare ruwa. Sai a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Iska ta kawo rairayi da ganyaye ta ƙara. Gara ta zo cin taki, ta yi ta huda ƙasa, hanyoyinta su zama hanyoyin ruwa. In damana ta sauka, ruwan da a da yake gudu sai ya zauna cikin rami ya nutse. A nan ake shuka hatsi ko dawa.

Ga lissafi. In aka bar metir guda tsakanin rami da rami, jeri 100 ke nan, kowane jeri rami 100. Hekta guda ta ci rami 10,000. Adadin yana da ban tsoro. Amma manomin da ya ce kullum da safe zai gina jeri guda, watau rami 100, kafin rana ta yi zafi, cikin kwana 100 ya gama. Wata uku ke nan da kwana goma, rani kuwa ya fi haka tsawo. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya gina rami 50 kullum, shi ma zai sami rabin hekta a wannan shekara, ya cika sauran baɗi.

Abin lura a nan shi ne, kowane rami cikakken aiki ne. Ko da ciwo ya kama manomi bayan ya gina 500 kawai, waɗannan 500 za su riƙe ruwa, za su ba da zangarniya. Wahalarsa ba ta tafi banza ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen shekarun 1980, wani shiri na asusun FIDA ya kai ƴan manoma kaɗan daga Illela, cikin jihar Tawa, zuwa yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda aka gyara wannan tsohuwar dabara, aka faɗaɗa ramin, aka ƙara masa taki. Mutanen can suna kiranta zai. Da suka dawo gida, hekta 4 kacal aka gina a 1989. A 1990 aka kai hekta 70. Wannan shekara ruwa ya yi ƙaranci, sai maƙwabta suka ga masu tassa sun girbi hatsi alhali gonaki da yawa sun ƙone. Daga nan ba a bukaci dogon wa'azi ba. Kafin ƙarshen 1995 an raya kusan hekta 3,800. Har ta kai mutane suna sayen faƙon da a da ko kyauta ba a so, samari kuma suna samun kuɗi da ƙwadagon ginar tassa.

Cikin waɗanda suka yi suna da wannan aiki a Yatenga akwai Yakuba Sawadogo, manomi daga ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya. Ya fara wajen 1980, mutane suna yi masa kallon mahaukaci. Cikin ramukansa ya riƙa shuka hatsi tare da irin itatuwa, shekara bayan shekara, har wurin ya zama daji. A 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin. Ya rasu a 2023, dajin kuwa ya bar wa na baya.

A nan Arewa ma, wanda ya zagaya gangaren tuddai zai ga rabin wata da jerin duwatsu da aka yi don tare ruwa. Babu jerin da aka aje rana ɗaya. Dutse bayan dutse aka kawo.

Darasin allo

Makarantar allo ta daɗe da gane wannan. Alƙur'ani mai girma sura 114 ne, izu 60. Kowane izu an raba shi gida takwas, kowane gida ana ce masa sumuni. Sumuni 480 ke nan. Babu malamin da ke miƙa wa sabon almajiri littafin duka ya ce je ka haddace. Da babbaƙu yake farawa, watau haruffa ba wasali. Sa'an nan farfaru, haruffa da wasullansu. Sa'an nan a haɗa su a karanta. Daga Fatiha a koma gajerun surori na ƙarshe, ana hawa sannu sannu zuwa dogaye.

Allon kansa ma'auni ne. Ba ya ɗaukar abin da ya wuce faɗinsa. Abin da aka rubuta bisa allo shi ne aikin yaro, ba shi da wani. Zai yi ta maimaitawa har ya zauna. Ba ya wankewa sai malam ya saurare shi ya yarda. Bayan haka akwai tilawa, watau komawa baya a bi abin da aka wuce don kada ya zube. Da wannan tsari ne garuruwa da ƙauyuka suka fitar da gardawa da alarammomi, tun ba a san makarantar boko ba.

Abu uku ke cikin wannan tsari. Aikin yini yana da iyaka, ana ganin farkonsa da ƙarshensa. Akwai mai dubawa. Akwai kuma komawa baya. Wanda ya ɗauki waɗannan ya kai su ajin boko, ya ɗauki abu mai amfani.

Yadda ɗan makaranta zai raba nasa

A ɗauki misalin yarinya ƴar aji huɗu a Matankari ko Tibiri wadda ke son zama likita. Firamare shekara 6 ce, kwaleji 4, lise 3. Shekara 13 ke nan kafin a shiga jami'a, sa'an nan karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya ci shekara bakwai ko fiye. In ta zauna tana ƙidayar waɗannan shekaru, za ta ga faƙo ne mai faɗi. To, ina raminta na yau?

Sai ta yi ta tambayar kanta tana saukowa. Kafin jami'a mene ne? Lise. Kafin lise? Kwaleji. Kafin kwaleji? Gama firamare da ƙarfi. Kafin wannan? Wuce aji huɗu. Me ke ba ta wahala a aji huɗu? Wataƙila Faransanci ne, da yake da Hausa ta fara karatu, yanzu kuma Faransanci yana ƙara yawa. Wataƙila kuma jadawalin sau ne. To, an zo wurin da hannu ke kaiwa.

Kalma biyar ta Faransanci kullum ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ta rubuta su cikin ɗan littafi, kowace da ma'anarta da Hausa, ta kuma sa kowace cikin jimla. Kwana biyar a mako, kalma 25 ke nan. Cikin mako 30 ta tara 750. Jadawalin sau daga na 2 zuwa na 9 guda takwas ne. In ta ba kowane mako guda, cikin wata biyu ta rufe su. Littafi mai shafi 120 yana da nauyi a ido, amma shafi biyu kullum suna ƙare shi cikin kwana 60.

Sha'anin kuɗi ma haka ne. Yaron da ke son mallakar akuya ba ya da kuɗinta, kuma ba zai same su da zaman jira ba. Amma in yana jefa dala 10 cikin asusu kowace ranar kasuwa, mako 52 za su ba shi dala 520, watau jika biyu da dala 120. Da wannan ana iya fara neman ƴar kaza. Kaza tana ƙyanƙyasa bayan kwana 21 na kwanci. In aka kula da ƴan tsaki, aka tsare su daga shaho da ciwo, kaji su ne ke sayen akuya. Akuya kuwa wata biyar take ɗaukar ciki. Mata da yawa a karkara ta wannan hanya suka tara garkensu, kamar yadda wasu ke tara jari da adashi, zubi bayan zubi.

Don rabon ya yi kyau, akwai sharuɗɗa huɗu.

Na farko, a faɗi aikin da adadi. Yaron da ya ce zai dage da karatu bai faɗi kome ba, don da dare ba zai san ko ya cika ko bai cika ba. Wanda ya ce shafi biyu, ya san matsayinsa.

Na biyu, a ba aikin lokacinsa. Bayan sallar asuba ne, ko bayan la'asar, ko da an dawo daga rijiya. Aikin da ba shi da lokaci kullum gobe ake yinsa.

Na uku, a sami mai dubawa. Malam ne, ko yaya, ko aboki na aji. Biyu su haɗu, wannan ya tambayi wancan kalmominsa, wancan ya tambayi wannan. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya dubawa, in aka nuna mata layin da ake ja kullum a bangon littafi.

Na huɗu, a ware rana guda a mako don komawa baya, kamar tilawa. In kuma wata rana ta kuɓuce saboda baƙi ko zazzaɓi, kada a ce an ɓata duka. Kashegari a ci gaba daga inda aka tsaya. Manomin da bai je faƙo jiya ba, ramukansa na shekaranjiya suna nan suna jiransa.

Abin da wasu ke cewa

Wasu suna cewa wanda ya saba da ƙaramin aiki zai zama mai ƙaramin buri. Maganar tana da ƙamshin gaskiya in aka manta inda aka nufa. Akwai yaron da kullum yana cikin gyaran littafi da feƙe fensir, yana jin ya yi aiki, alhali bai matsa ba. Wannan kamar mai ginar rami ne ba taki ba iri. A zamanin da, fataken da ke zuwa sayen goro Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau, watanni suke yi a hanya. Kowace safiya madugu zango na gaba yake faɗa wa ayari, amma bai taɓa mantawa Gwanja za shi ba. Zangon da bai kusantar da ayari Gwanja ba, ɓata ne. Saboda haka kowane ɗan aiki a auna shi da tambaya guda: wannan yana kusantar da mai shi inda ya nufa?

Wasu kuma suna cewa wannan shawara ta ɗan mai hali ce, ɗan talaka ba shi da lokaci. Gaskiya ne yarinyar ƙauye tana da daka da ɗiban ruwa da reno, yaro yana da kiwo da gona, gida da yawa kuma babu wutar lantarki. Amma wannan shi ne babban dalilin rarraba aiki. Wanda ke da yini guda sukutum yana iya ɓarna ya rama. Wanda rabin awa kawai yake samu, dole ya san tun da farko abin da zai sa cikinta. A nan iyaye suna da nasu rabo. Rabin awa da rana, ba aike ba kira, kyauta ce da kowane gida ke iya yi wa ɗansa, mace ko namiji. Uban da ya hana wannan bai kamata ya zargi makaranta ba in sakamako ya zo da rauni.

Akwai kuma masu cewa kome rabo ne, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Babu mai musun haka. Manomi ba shi ke saukar da ruwa ba. Amma ruwan 1990 bisa kowa ya sauka a Illela, mai tassa da marar tassa. Wanda ya gina rami tun da rani shi ya riƙe ɗan abin da ya zo. Ɗan makaranta ma bai san ranar da sa'a za ta zo masa ba, ko jarrabawa ce, ko gurbin karatu, ko aiki. Abin da ke hannunsa shi ne ta tarar da shi a shirye.

Ya kamata kuma a faɗa wa yara gaskiya. Ba duk mai son zama likita ne zai zama ba. Hanya tana da tsawo, gurabe kaɗan ne. Amma yarinyar da ta bi wannan tsari ta tsaya a kwaleji, ba ta fita hannu wofi ba. Tana karanta takardar asibiti da kanta, tana rubuta wasiƙa da harshe biyu, ɗan kasuwa ba ya cutarta a lissafi, gobe kuma ita za ta duba littafin ɗiyanta. Ramukan da ta gina sun riƙe ruwa. Wanda ya yi hasara shi ne wanda ya tsaya bakin faƙo yana auna faɗinsa har damana ta wuce.

Makarantun da ke koyarwa da harshen gida tare da Faransanci su ma da kaɗan suka fara. A 1973 aka buɗe ta farko a Damagaram, da Hausa. Daga baya aka buɗe wasu da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Littattafan da ake karantawa cikinsu, shafi shafi aka rubuta su.

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika, sun kuma ce sannu ba ta hana zuwa. Ɗan makarantar da ya yarda da haka ba ya bukatar jiran sabuwar shekara ko sabon littafi. Yau da yamma ya ɗauki alƙalami, ya rubuta burinsa a saman shafi, a ƙarƙashinsa ya rubuta aikin gobe da adadinsa da lokacinsa. Gobe da safe ya fara da shi.

Tambayoyi

1. Mene ne faƙo, kuma yaya tassa take sa ruwa ya shiga ƙasa?
2. In manomi yana gina rami 80 kullum, kwana nawa zai yi kafin ya gama rami 10,000?
3. Don me almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya saurare shi?
4. Waɗanne sharuɗɗa huɗu ne ke sa rabon aiki ya yi kyau?
5. Kowane ɗalibi ya rubuta buri guda, ya raba shi aikin shekara, da na wata, da na mako, da na yini.